Tuwo a Wuri Huɗu

Masu cewa yaro kaza ne, duk inda aka watsa masa tsaba nan ne gida, ku matso ku ji. An yi wani maɗinki da aka yi ta yawo da shi kamar taɓaryar aro. Daga yaye zuwa balaga, gida bakwai ya zauna. Gidan gwaggo damina ɗaya, gidan kawu har ya tashi ci-rani, gidan kaka har Allah ya karɓi abarsa. Ko'ina ya je shi ne baƙo a bakin akushi, sai ya koyi cin tuwo a tsaye, loma kan loma, ba tauna. Yau ya haura arba'in, ga gida ga keken ɗinki biyu, amma cikinsa bai ji labarin an daina yaƙi ba. Gyambon ciki ya kama shi, ga hawan jini, kullum da ƙullin kanwa a aljihu. Likita ya ce ya riƙa ci a natse, shi kuwa da ya zauna sai ya miƙe da kwano a hannu.

Ana nan sai ga baffansa daga ƙauye, ya zo ɗaukar 'yar maɗinkin mai shekara huɗu. Wai 'yar fari ba ta uba ba ce, za a kai wa wata gwaggo riƙo, in ta gaji ta miƙa gaba. Gogan bai yi musu ba. Ya sa aka tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, ya shimfiɗa wa tsoho tabarma a zaure. Baffa na yin loma biyu, maɗinki ya sure akushin, wai akwai tururuwa, a koma gindin darbejiya. Can ma loma biyu, wai rana ta iso, a koma rumfa. Daga rumfa sai bakin rijiya, wai ya fi iska. A wuri na huɗu Baffa ya rungume akushi da hannun hagu yana ɗura da dama, har ya ƙware, hawaye shar.

"Kai, ɗan nema! Haukacewa ka yi?"

Maɗinki ya miƙa masa ruwa, ya durƙusa. "Sannu Baffa. Wuri huɗu ke nan, ci ɗaya. Ni shekara goma sha uku na yi a haka, har gobe cikina bai yafe ba. Yarinyar nan ko ƙofar gida ba za ta taka ba. A kira ni marar kunya, na amsa."

Tsoho ya kakkaɓe riga ya tafi ba sallama. Dangi suka yi shekara ba su ba shi ɗinkin ko hula ba. Yarinya kuwa tana nan gidan ubanta, tana ci tana wasa da miya, wani lokaci har ta yi barci a kan kwano.

Ku zage shi in kun so. Hausawa dai sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.