Hawayen Tabawa Mai Waina

Tun da aka wajabta sa tabaraun nan da ba sa nuna shago sai mai mabiya a intanet, rumfar wainar Tabawa ta ɓace wa idon jama'a. Har maƙwabta wucewa suke, suna jin ƙamshi suna waige-waige.

Ranar da aka binne mijinta, Zulai mai tallata wa mutane sana'a a waya ta zo gaisuwa.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam." Sai ta rage murya. "Yanzu na'urar tabaraun ba ta yaɗa hoton abinci, sai hawayen gaske. Na ƙarya tana ganewa. Ki ɗora tanda, in ɗauke ki yau kafin su bushe."

"Ina cikin takaba, Zulai?"

"Takabar marayun nan za su ci?"

Tabawa ta dubi 'ya'yanta, ta tashi ta zuba ƙullu. Kukan ba sai da ta ƙaƙaro shi ba.

Kafin la'asar layin masu saye ya kai bakin titi. Ko mutum ɗaya bai yi mata gaisuwa ba.

Zulai za ta tafi, ta juyo.

"Inna, mako mai zuwa sai an sako sabo. Mahaifiyarki har yanzu tana kwance a asibiti?"