Badukun da Ya Ce Ya Riga Ya Aika

Gyara zama, Alhaji Mamuda, ajiye takardar nan tukuna. Ka ce shekarunka hamsin da biyar, kai ya bushe, Turancin da ka tsinta a kasuwa da shi za ka ƙare. To bari in ba ka misalin wani mutum, wanda duk sanda na tuna shi sai in ji kamar ni aka yi wa albishir.

An yi wani baduku, ya haura sittin, gwanin jakar fata ne na gaske. In ya yi ɗinki sai ka juya jakar ciki da waje kana neman inda zare ya bi. Mutum shida ke aiki a rumfarsa, kowa da iyalinsa. Wata shekara ya kai kaya bajekoli, sai wata mata mai babban kanti a Legas ta ɗauki jaka ɗaya, ta shinshina, ta ja hannun jakar da ƙarfi, ko gezau. Ta ba shi lambarta, ta ce ya aiko mata samfur kala uku, in sun yi mata za ta riƙa saya duk wata. Ita ba ta jin Hausa. Shi kuma Turancinsa na kunne ne, ya isa a yi ciniki baki da baki, hannu yana taya harshe, amma bai taɓa gwada shi a rubuce ba. Ya dawo gida ran Talata, ya rubuta mata saƙo ta waya, nufinsa zai aika kayan Litinin mai zuwa. Abin da ya rubuta kuwa cewa yake ya riga ya aika tun Litinin. Matar ta tura direbanta tasha kwana uku a jere, yana bin motocin Arewa ɗaya bayan ɗaya, ba kaya ba labarinsu. Ta rubuto tana tambayar wace mota ce. Ya amsa da saƙo mai layi ashirin, ba aya ba waƙafi, gaisuwa ta cinye rabi, sauran rabin ko shi ba zai iya warware shi ba. Daga nan ta yi shiru. Ran Litinin ya ɗora kaya a mota, bayan mako guda aka dawo masa da ƙunshinsa ko kwancewa ba a yi ba.

Abin ya tsaya masa a rai. Ya ɗauki wayar ya kai wa wata maƙwabciyarsa, tsohuwar sakatariya da ta shekara talatin tana buga wasiƙun ofis. Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce, "Malam, ai a wurin matar nan kai maƙaryaci ne. Kalma ɗaya ka sauya, ta mai da gobe jiya." Mutumin da bai taɓa cin amanar kowa a ciniki ba, sai ga shi an ɗauke shi maƙaryaci. Ta ce bari ta rubuta masa saƙon ban haƙuri yanzu, ya ce a'a, ta koya masa dai, don ba kullum za ta kasance kusa ba. Haka ya fara zuwa zauren gidanta bayan La'asar da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ta koya masa bambancin abin da ya wuce da wanda ake ciki da wanda zai zo. Ta hana shi cusa magana biyu a jimla ɗaya. Ta ce gaisuwa layi guda ta isa, sannan ya faɗi kaya nawa, wace kala, wace rana, wace mota, kuma kada ya tura saƙo sai ya karanta shi da ƙarfi kunnensa ya ji. Abokansa na majalisa suka sa masa suna ɗan aji ɗaya, yana dariya yana wucewa. Jan biro ya yi ta cin shafinsa, yau gyara goma sha biyu, wani makon bakwai, har ranar da ta miƙo masa littafin babu ja ko ɗigo. Wata huɗu ke nan. Ya zauna da kansa ya rubuta wa matar layi shida: ya faɗi kuskurensa, ya ba da haƙurin wahalar da direbanta ya sha, ya ce samfur uku za su iso Alhamis, ga sunan direba ga lambarsa. Kafin shayinsa ya huce amsa ta shigo, ta ce ya aiko. Kaya suka isa Alhamis ɗin, ran Asabar matar ta nemi jaka ɗari uku! Sai ga dattijo tsaye tsakiyar rumfa, waya a hannu, yana karanta wa mutanensa saƙon da Turanci, ya fassara, suka ce ya sake, ya sake har sau uku. A ranar aka aika majema a kawo fata.

To miƙo takardar taka mu fara da layin farko, Alhaji. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce gemu ba ya hana ilimi.