Zaren da Bai Tsinke Ba

Tun da ɓarin jikin mijinta ya shanye, sunayen abubuwa suka guje masa.

"Kalmomin suna nan, Mama," in ji likita. "A ƙwaƙwalwa ɗaure suke da juna kamar raga. In zare ɗaya ya tsinke, sai mu ja wani."

Likitan ya ɗaga makulli. Tsohon ya motsa leɓe, shiru. Can sai ya harari matarsa.

"Kullum sai kin ɓatar da... makulli!"

Aka nuna masa laima.

"Kin manta ta a mota. Laima!"

Ta yi dariya har da hawaye. Ashe mitar da ta ishe ta tun tana amarya ita ce zaren.

Suna komawa gida ta ƙona girki da gangan, ta tsaya bakin ƙofa tana kasa kunne.