Idon da Ake Jin Kunya

"Wa zai tsaya masa?" in ji alƙali.

Makaniken ya sunkuyar da kai. Tun da aka tsare shi kan zargin faɗa, dangi suka ɗauke ƙafa. In ba mai tsaya masa, gidan yari zai koma jiran shari'a.

Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ke bin lamarinsa ba ta taɓa tambayarsa wa ke ƙaunarsa ba. Ranar da ta ziyarce shi a tsare, cewa ta yi, "Idon wa kake jin kunya?"

"Maigidana na gareji. Zaginsa na yi na tafi. Don Allah, Anti, kada ya ji."

"Ni ma ba na jin magana," ta ce.

Yau kuwa, sai ga benci ya yi ƙara a bayan kotu. Tsohon maigidan nasa da ta sanar wa ya miƙe, hannunsa duk baƙin mai.

"Ɗanka ne?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, mai zagina ne. A ba ni abina. Sifanarsa na nan inda ya jefar, na hana kowa ɗauka."

Makaniken ya dafa katakon da ke gabansa, ya ɗago kai ya dubi maigidansa.