Kalmar da Arzika Ta Ƙi Faɗa

Rana ta karkata bayan gonakin albasar Mandera, batirin kyamara kuwa saura ƙiris. Kyamarar ma aro ce, gobe da safe za ta koma Sakkwato. Fitowa ɗaya ta rage a fim ɗin Mufida, ita ce kuma ta ƙi ɗaukuwa.

Labarin na ƙawaye biyu ne da suka taso daga biki bayan ruwan sama, suka tarar rafi ya kawo. Ɗaya, Nana Fatima, ta nace sai an tsallaka. Ta kama hannun ƙawarta, a tsakiyar ruwa ta sake shi, ruwa ya tafi da ƙawar. A ƙarshe ƙanwar mamaciyar za ta dube ta ta ce ta yafe mata. Shi ke nan fa.

Arzika, telar Boɗinga da aka ba matsayin ƙanwar, ba ta taɓa fim ba. Ga 'yan wasa birjik a Sakkwato, amma Mufida ta yi ta sintiri a shagonta kamar mai neman aure har ta amince. Ta kuwa ba da mamaki. Kuka da fushi ba sai an koya mata ba. Amma da an zo kan yafiya sai bakinta ya mutu.

Kamal mai kyamara ya ce a ɗauki ƙeyarta kawai, a ɗora muryar wata daga baya. Mufida ta yi masa tsawar da bai taɓa ji ba.

Ya juya kan Arzika. "Ke, wasa na hwa! Hwaɗi ki huta, mu ma mu huta."

"Yahiya ba a yi mata wasa," in ji Arzika. "In ta hita baki an rubuta. Mala'iku ba su san kyamara ba."

Aka kwashe da dariya, ban da Mufida. Tana tsaye gefen kyamara, daidai inda aka ce Arzika ta riƙa kallo. Tsoro ya cika ta. Ta san in rana ta faɗi, Arzika ba za ta sake tsayawa gabanta ba.

"Don Allah," ta ce. "Sau guda."

Arzika ta daɗe tana kallonta, hawaye na bin kumatunta. Can ta buɗe baki.

"Mufida, na yahe maki. Duniya da lahira."

Kamal ya dafe kai. Ga batir ya mutu, ga suna an ɓata, Nana Fatima ya kamata ta ce. Ya waiwaya ya faɗa wa darakta Mufida fim ya lalace, sai ya gan ta durƙushe a ƙasa tana kuka.

Arzika ba ta ɓata suna ba, Mufida ce ta saki hannun yayar Arzika a rafin nan, shekarun baya.