Takardar da Muhsina ta Buga

To, Sada dai ya zo zance wurin Muhsina da la'asar, nan Ƙofar Durbi, amma ko zama bai yi ba. Ranar ce kamfanin da suke aiki tare ya rage ma'aikata, har da shi. Ita kuwa Muhsina a ofis take aiki, ita ke buga takardun sallama.

Ya ce, "Tun makon jiya Babanki ya aiko wai kawunnaina su dakata da kawo goron sa rana. Takarda kuwa yau ta fito. Wa ya gaya mashi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. "Ni na buga sunanka, Yaya Sada. Baba ya tambaye ni, ban iya yi mashi ƙarya."

"Ni fa? Kwana takwas kina gaishe ni, kina mani murmushi."

"Kai ba ka tambaye ni ba."

Ya daɗe shina kallonta, ɗiyar nan ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Aiki in sha Allahu ina samun wani. Ki ce ma Baba ya kwantar da hankalinshi, ban ƙara tako zauren nan."