Gona Mai Warin Kalanzir

Ranar da wani baƙo ya dangwali baƙin ruwan da ke tsattsafowa a gonar wata mata ya ce, "Wannan ɗanyen mai ne," ranar yayyenta biyu suka tuna cewa uwarsu ɗaya da ita.

Da aka raba gadon mahaifinsu a Fassi, su suka zaɓar mata wannan fegi mai warin kalanzir, inda ko ƙaya ba ta tsirowa. Yanzu kuwa ga su a zaurenta da buhun shinkafa, wai tausayinta ya hana su sukuni.

"Ƙanwata," in ji babban, "ke da mijinki ya rasu ya bar miki marayu, ina ke ina gonar da ba ta ba da hatsi? Karɓi tamu ta bakin rafi, mu mu ɗauki wahalar."

Ta gane sarai, amma yaranta tuwo suke ci, ba mai ba. Ta amince a gaban dagaci. Yayyen suka kewaye fegin da waya, ƙaramin har ya fara amsa sunan Alhaji.

Bayan damina masu binciken mai suka zo da na'urorinsu. Babban yayan ya tarbe su cikin sabuwar babbar riga.

"Malam, nan mafita ce kawai," in ji shugabansu. "Mai yakan bi tsagar dutse, ya yi tafiya a kwance kafin ya ɓullo. Matattararsa tana can."

Suka bi yatsansa da kallo har bakin rafi, inda take tsaye cikin dawarta tana korar tsuntsaye.